Suna Kafin Aiki: Tashi da Watsewar Ƙungiyar Makaɗan Menswear, 1994 zuwa 1998

Gabatarwa

A farkon shekarar 1995, jaridar Melody Maker ta birnin Landan, wadda aka kafa tun 1926, take kuma fitowa kowane mako da labaran kiɗa da waƙa, ta sa hoton wata sabuwar ƙungiyar samari makaɗa a bangonta. Sunan ƙungiyar Menswear. A ranar da jaridar ta shiga kasuwa, babu kanti ko ɗaya a faɗin Ingila da mutum zai shiga ya sayi faifansu, domin ba su taɓa buga faifai ba. Ƙungiyar kanta watanninta kaɗan da kafuwa. Shekara uku bayan haka, kamfanin da ya yi kokawa da takwarorinsa kafin ya same su ya rabu da su, kundin waƙoƙinsu na biyu bai fito ko'ina ba sai a ƙasar Japan, samarin kuma kowa ya kama gabansa.

Wannan labari ya faru nesa da ƙasar Damagaram, kuma kiɗan da ake magana a kansa ba irin wanda kunnen Bahaushe ya saba da shi ba ne. Duk da haka, malamin makarantar da ya taɓa shirya wasan ƙarshen shekara a Matamaye, ko shugaban ƙungiyar al'adu da aka taɓa zaunarwa a teburin alƙalan gasar waƙa a Zinder, ya san tambayar da ke ƙunshe a ciki: me yabo yake yi wa yaro mai baiwa idan ya iso tun yaron bai ƙware ba? Tarihin Menswear gajere ne, an kuma rubuta shi mako-mako a jaridu, don haka yana ba da damar a bi sawun wannan tambaya daga farko har ƙarshe.

Zamanin da ya haife su

A farkon shekarun 1990, kasuwar kiɗan jita a Birtaniya tana hannun Amurkawa. Ƙungiyar Nirvana ta yankin Seattle ta fitar da kundinta Nevermind a 1991, kiɗa mai nauyi da ƙara, waƙoƙi cike da ƙunci, makaɗan kuma sanye da tsofaffin riguna kamar ba ruwansu da kowa. Samarin Ingila suka rungume shi hannu bibbiyu. Wannan ya ɓata wa wasu makaɗa da marubutan jaridu rai, a ƙasar da ke alfahari da cewa ita ta haifi Beatles da Kinks a shekarun 1960. A fitowarta ta Afrilun 1993, mujallar Select ta sa hoton Brett Anderson, mawaƙin ƙungiyar Suede, a gaban tutar Birtaniya, da kanun da ke cewa Amurkawa su koma gida. Daga wannan lokaci kalmar Britpop, wato waƙar zamani ta Birtaniya, ta fara yawo a bakin mutane.

Abin da ake nufi da kalmar shi ne gajerun waƙoƙin jita masu amshi mai saurin zama a ka, waɗanda ake rerawa da karin harshen Landan ko na Manchesta ba tare da kwaikwayon Ba'amurke ba, a kan rayuwar yau da kullum ta unguwa da ranar hutu da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Shekarar 1994 ce ta tabbatar da kasuwar. A watan Afrilu Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ya mutu. A cikin wannan wata ƙungiyar Blur ta fitar da kundin Parklife, a watan Agusta kuma Oasis ta Manchesta ta fitar da Definitely Maybe, kuma kowane ɗayansu ya hau matsayi na farko a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa. Kamfanonin faifai suka ga kuɗi ƙiri-ƙiri, suka baza wakilansu su nemo musu wata Blur ko wata Oasis tun abokin gasa bai riga su ba.

Fadar Camden

Wakilan ba su yi nisa ba. Camden unguwa ce a arewacin Landan, mai kasuwar gwanjo da ƙananan gidajen wasa. A wancan lokaci, a kan titin Inverness akwai wata mashaya da ake kira The Good Mixer, kusa da ofishin kamfanin Food da ke buga faya-fayen Blur, kuma a nan makaɗa da ƴan jarida da wakilan kamfanoni suke haɗuwa kusan kowane dare. Duk wanda ya san fadar samari a Zinder ko a Matamaye zai gane irin wurin: dandali ne da ake zama ana hira, ana yanke hukuncin wane ya iya, wane bai iya ba. Bambancin shi ne masu zaman wannan fada su ne ke rubuta jaridun da ƙasa duka take karantawa, saboda haka hirar daren Talata tana iya zama kanun labari a mako mai zuwa.

A cikin unguwar kuma, a benen mashayar Laurel Tree, an fara wani daren rawa mai suna Blow Up a 1993. Masu zuwansa sun farfaɗo da yayin da ake kira mod, wato salon samarin Landan na shekarun 1960, masu matsattsun kwat da askin gayu da baburan Vespa. Johnny Dean da Chris Gentry suna cikin samarin da aka fi sani a wurin, saboda kyan shiga da iya tsayuwa a gaban mai ɗaukar hoto. A 1994 mujallar Select ta yi rubutu a kan wannan yayi, samarin biyu kuma suka ambaci wata ƙungiya tasu mai suna Menswear, alhali a lokacin babu ƙungiyar tukuna. Kalmar ita ce ake rubutawa a manyan kantuna a sashen da ake sayar da tufafin maza. Da sunan ya fito a buge, sai ya zama tilas a nemo ƙungiyar da za ta ɗauke shi.

A watan Oktoba na 1994 aka haɗa ta. Johnny Dean ya riƙe waƙa, Chris Gentry, wanda bai cika shekara 20 ba, da Simon White suka riƙe jita, Stuart Black ya riƙe jita mai kaurin amo, daga baya kaɗan Matt Everitt ya karɓi ganguna. Tun wasanninsu na farko, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wakilan kamfanoni suka cika ɗakin, kowa yana tsoron kada a ce shi ne ya bari ta wuce shi. Kamfanin London Records ya yi nasara, ya sa su ƙarƙashin wani ƙaramin reshensa mai suna Laurel. Jaridun lokacin sun ruwaito cewa an biya fam 90,000 a kan kwangilar faifai, an kuma biya fam 500,000 a kan haƙƙin waƙoƙinsu, waɗanda a lokacin ba su kai goma ba.

Yadda kasuwar take tafiya

Ba za a fahimci wannan gaggawa ba sai an san yadda jaridun kiɗa suke rayuwa. Manyansu biyu a lokacin, NME da Melody Maker, kowane mako suke fitowa, kamfani ɗaya mai suna IPC ya mallake su, a gini ɗaya ake rubuta su, amma kishi ne tsakaninsu irin na kishiyoyi. Kowace tana bukatar bango kusan hamsin a shekara, fitattun ƙungiyoyin kiɗa kuwa ba su kai wannan yawan ba. Jaridar da ta riga ƴar'uwarta gano sabuwar ƙungiya ta ci riba, marubucin da ya gano ta kuma sunansa ya ɗaga. Haka kuma, idan yayi ya wuce, rubutun da zai kayar da ƙungiyar yana sayar da jarida kamar yadda na ɗaukaka ta ya sayar. Don haka jarida ba ta da asara ko ta wane ɓangare al'amarin ya faɗi.

Kuɗin da kamfani yake bayarwa kuwa, mutane da yawa suna ɗaukarsa kyauta, alhali kafin alƙalami ne. Kamfanin yana cire shi daga kason da makaɗa za su samu a cinikin faifai, yana kuma haɗawa da kuɗin ɗakin ɗaukar sauti da wani ɓangare na kuɗin majigin talla da na tafiye-tafiye, kuma makaɗan ba sa ganin ko kwabo na ciniki sai an gama cire wannan duka. Dattawan Matamaye da Magarya da suka ga zamanin cinikin gyaɗa sun san irin wannan lissafi: manomi ya karɓi kuɗi da bazara a kan gyaɗar da bai shuka ba, idan kaka ta yi kyau ya biya ya samu saura, idan damina ta yi gardama mai kuɗi ya nemi wani manomin. Iyakar girman kafin alƙalami, iyakar yawan faifan da sai an sayar kafin kamfani ya ce an yi nasara. Cinikin da zai faranta wa ƙaramin kamfani rai yana iya zama faɗuwa a idon wanda ya zuba dukiya mai yawa.

Daɗin daɗawa, kuɗin haƙƙin waƙa yana bin sunan wanda ya tsara waƙar ne. Samari biyar suna iya hawa mota ɗaya, su kwana a masauki ɗaya, su sha tafi ɗaya, amma idan lissafi ya zo aljihun ɗaya ya fi na sauran nauyi. Wannan rabo ya raba ƙungiyoyi da dama a Turai da Amurka, musamman waɗanda kuɗi ya iske tun ba su zauna sun yi magana a kansa ba. Sai kuma jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, wanda a lokacin ake fitarwa kowace Lahadi bisa cinikin mako. A waɗannan shekaru kamfanoni sukan fitar da waƙa ɗaya a kan faifan CD da kaset da faifan garmaho, su karya farashi a makon farko domin ta faɗo a sama. Waƙa takan shiga da ƙarfi, ta zame cikin makonni kaɗan, a bukaci wata nan take.

Shekarar cin kasuwa

Da farko komai ya tafi yadda aka tsara. Shirin talabijin na BBC mai suna Top of the Pops, wanda a lokacin miliyoyin mutane suke kallo kowane mako, ya gayyaci Menswear su rera waƙarsu ta farko, I'll Manage Somehow, tun ba ta shiga kanti ba, abin da ba a saba yi wa sababbin makaɗa ba. An fitar da ita a watan Afrilu na 1995. Ta biyu, Daydreamer, ta kai matsayi na 14, kuma har yau ita ce aka fi tunawa da su da ita, ko da yake masu sharhi sun ce ta yi kama da kiɗan tsohuwar ƙungiyar Wire da na Elastica, maƙwabtansu a Camden. Ta uku, Stardust, ta kai na 16.

Wannan ne lokacin da yayin Britpop ya kai ƙololuwa. Ranar 14 ga Agusta, 1995, Blur da Oasis suka fitar da sababbin waƙoƙi a rana ɗaya, aka mai da abin kamar dambe tsakanin kudu da arewa, tsakanin ƴan boko da ƴaƴan ma'aikata, har ya shiga labaran dare na talabijin. Blur ta sayar da kimanin 274,000 a wannan mako, Oasis kimanin 216,000. A cikin wannan zazzafar kasuwa Menswear ta fitar da kundinta na farko, Nuisance, a watan Oktoba, shekara ɗaya da kafuwarta. Ya tsaya a matsayi na 11. A watan Maris na 1996 waƙar Being Brave, mai sanyi da rakiyar gogen Turawa, ta kai na 10, matsayi mafi girma da suka taɓa samu.

Idan aka yi adalci, wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga samarin da wata goma sha biyu kafin nan ba su taɓa tsayawa tare a dandali ba. Kundin yana da waƙoƙi masu daɗin ji, kuma sun samu masoya na gaskiya, musamman a Japan. Sai dai ba da sababbin makaɗa ake gwada su ba. Da alƙawarin da jaridu suka yi a madadinsu ake gwada su, da kuma kuɗin da kowa ya ji an biya. A wannan ma'auni matsayi na 11 ya zama kasawa. Marubutan da suka ɗaga su suka fara yi musu ba'a, sunan Menswear ya zama abin misali idan ana son a ce ƙungiya riga ce kawai babu mutum a ciki.

Juyawar zamani

Shekarar 1996 ta fara nuna inda iska ta dosa. A watan Agusta Oasis ta yi wasa a filin Knebworth a gaban mutum 250,000 cikin dare biyu, taron da ya nuna cewa kasuwar ta tattaru a hannun manya ƙalilan. A wannan damina ta Turai kuma ƴan matan Spice Girls suka fito, suka janye hankalin yara da kuɗin kamfanoni zuwa wani salo daban. Menswear ta fitar da We Love You, ta tsaya a na 22, ƙasa da wadda ta gabace ta. A cikin shekarar ne Matt Everitt ya bar ƙungiyar, aka kawo wani makaɗin ganguna. Gajiyar yawon wasa da saɓani sun shiga tsakaninsu, ga kuma miyagun ƙwayoyi da suka yi katutu a dandalin Camden a waɗannan shekaru, kamar yadda John Harris ya bayyana a littafinsa na tarihin wannan zamani, The Last Party, na 2003.

A 1997 manyan da kansu suka sauya hanya. Blur ta fitar da kundi mai kama da kiɗan Amurkawan da a da take kushewa. Radiohead da The Verve suka kawo waƙoƙi masu nauyi da tunani, jama'a suka bi su. A watan Mayu Tony Blair ya ci zaɓe, a watan Yuli aka ga Noel Gallagher na Oasis a liyafar gidan firaminista, abin da ya nuna cewa yayin ya tashi daga hannun samarin unguwa ya koma kayan adon ƴan siyasa. Kundin Oasis na uku, Be Here Now, ya yi ciniki mai yawa a makon farko na fitowarsa a watan Agusta, daga baya kuma mutane suka yi sanyi da shi. Kamfanoni suka fara sallamar ƙananan ƙungiyoyin da suka kwasa shekara biyu kafin nan.

A cikin wannan hali Menswear ta shiga ɗakin ɗaukar sauti domin kundi na biyu. Suka ajiye matsattsun kwat da gajerun waƙoƙi, suka koma wani salo mai laushi irin na Amurka na shekarun 1970. Ana iya cewa a nan ne suka fara neman muryar kansu, aikin da sauran makaɗa suke yi a ɓoye tun kafin kowa ya san su. Su kuwa sun zo yin sa ne a idon duniya, da bashi a wuya, bayan kasuwa ta watse. Kamfanin London bai fitar da kundin a Ingila ba, suka rabu. An buga shi a Japan a 1998 da sunan ¡Hay Tiempo!, kalmomin Sifaniyanci masu ma'anar akwai lokaci. A wannan shekara ƙungiyar ta watse, shekara huɗu bayan kafuwarta.

Ba su kaɗai abin ya shafa ba. Sleeper ta watse a 1998. Elastica, wadda kundinta na farko ya hau matsayi na ɗaya a 1995, ta yi shekara biyar kafin ta fitar da na biyu, ta watse a 2001. Jaridun ma ba su tsira ba: an rufe Melody Maker a ƙarshen shekarar 2000 aka haɗe ta da NME, mujallar Select ta daina fitowa a daidai wannan lokaci, shirin Top of the Pops na mako-mako kuma ya tsaya a 2006. Samarin Menswear sun ci gaba da rayuwa. Matt Everitt ya zama sanannen mai gabatar da shirye-shirye a tashar BBC Radio 6 Music, Simon White da Chris Gentry suka koma kula da harkokin wasu makaɗa. Johnny Dean ya farfaɗo da sunan a 2013 da sababbin mutane na ɗan lokaci, a 2020 kuma aka tattara waƙoƙinsu aka sake fitarwa, har da kundin da a da sai a Japan ake samunsa.

Waɗanda suka daɗe

Yana da amfani a dubi ƙungiyoyin zamanin da suka wuce wannan guguwa. An kafa Pulp a birnin Sheffield a 1978, ta yi shekara goma sha shida ba ta da kasuwar kirki, kafin waƙarta Common People ta kai matsayi na 2 a 1995. Blur ta faro a 1988, ta sha bashi da wahalar yawon Amurka a 1992 kafin Parklife. Noel Gallagher ya yi shekaru yana ɗaukar kaya yana gyara jita wa ƙungiyar Inspiral Carpets, yana tara waƙoƙi a ɓoye, kafin ya shiga Oasis. Dukkansu sun yi rigima, sun rabu na wani lokaci, amma suna da tarin waƙoƙin da za su koma wa: Blur ta cika filin Wembley a 2023, Pulp ta fitar da sabon kundi a 2025, Oasis kuma, wadda ta watse a 2009, ta dawo yawon wasa a 2025.

Ƙuruciya ba ita ce matsalar ba. Samarin Supergrass na Oxford tsaran Menswear ne, kundinsu na farko ya hau matsayi na ɗaya a 1995, suka kuma ci gaba har 2010. Amma biyu daga cikinsu tun suna makaranta suke kiɗa tare a wata ƙungiya da ba ta yi suna ba. Sun riga sun yi wasa a ɗakin da babu kowa, sun tsara waƙoƙin banza sun zubar, sun yi faɗa sun shirya tun babu kuɗin da za a yi faɗa a kansa. Waɗannan shekaru na duhu su ne aka tsallake wa Menswear.

Idan aka dubo daga Damagaram

Tsarin kiɗan Hausa na gargajiya ya san darajar waɗannan shekaru, har ya ba su matsayi. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma amshi, ya daɗe a bayan maigida yana koyon kirari da tarihin gidaje da sanin inda ake sassauta murya. Musa Ɗanƙwairo ya yi amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar, ya kuma yi waƙa har kusan rasuwarsa a 1991. Mamman Shata ya haura shekara hamsin yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999. A fadar Damagaram, sunan Ma'azu Ɗan Alalo ya ginu ne a kan shekaru na tsayuwa gaban sarki da jama'a. A wannan tsari kyauta tana biyo bayan waƙa: sai an ji, an yaba, sannan a ba da riga ko doki. Ƙungiyoyin gargajiya ma suna rabuwa, rabon kyauta ma yana haddasa saɓani, amma ɗan amshin da ya ware yakan tafi da sana'a a hannunsa.

Kiɗan zamani na Nijar ya bi wata hanya. A zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa, wanda ake zagayawa da shi manyan garuruwan jihohi, su ne suka zama makarantar mawaƙa da ƴan wasa da yawa. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa, wajen 1990 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. A 1994, shekarar da aka haɗa Menswear, kamfanin Stern's na Landan, wanda kantinsa bai da nisa da Camden, ya fitar da kundin Niamey Twice na Musa Pusi da marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi. Sa'adu ya ɗauko kirarin bori ya ɗora a kan jita, kasusuwan kaset daga Maraɗi zuwa Kano suka karɓe shi, domin abin da ya kawo yana da saiwa a ƙasar da masu sauraro suka fito.

Sai dai gasa da biki suna da nasu haɗarin, mai kama da na jaridun Landan. Sau da yawa akan haɗa ƙungiya saboda gasa, a ɗinka mata anko, a koya mata waƙa biyu, ta ci kyauta, a yi ta yabonta a rediyo, bayan wata uku a nemi kayan kiɗan a rasa wanda ke riƙe da su. Haka aka gani a wasu ƙungiyoyin samari masu waƙar rap na shekarun 2000, waɗanda kuɗin wani shirin faɗakarwa ya haɗa, ƙarewar shirin kuma ta raba. A yau wayar hannu ta karɓi aikin bangon jarida. Yaro yana iya sa rabin waƙa a TikTok, dubban mutane su san fuskarsa kafin ya mallaki waƙa ta biyu, kuma masu kallon za su koma kan wani da saurin da suka zo.

Kammalawa

Samarin Menswear ba su yaudari kowa ba fiye da yadda samari suka saba cika baki a fada. Manya ne, masu jaridu da masu kamfanoni, suka ɗauki cika bakin suka sa masa farashi, domin suna bukatar sabuwar fuska a wannan mako, kuma da lissafin ya ƙi fita su samarin aka bari da abin kunyar. Wannan ne ɓangaren labarin da ya shafi malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu kai tsaye, domin a garuruwa irin su Matamaye su ne masu riƙe da yabo da kyauta da makirufo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar samarin da ta burge a wasan ƙarshen shekara ta fi bukatar ɗakin gwaji da za ta riƙa shiga kowane mako, da dattijon makaɗi da zai saurare ta ya gyara mata, da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda ya mallaki waƙa da yadda za a raba abin da aka samu, tun kafin a samu. Idan an tanadi waɗannan, ana iya kai ta Zinder ko Yamai a shekara ta biyu ko ta uku, da waƙoƙi goma sha biyar a hannunta maimakon biyu.